Rahoton Ƙungiyar Iyaye da Malamai na Shekarar Karatu ta 2024/2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, da sauran 'yan ƙungiya, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinta, Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari. Kamar yadda aka saba, sakatare ke kawo bayanin ayyuka, lissafin kuɗi kuwa na ma'aji ne, kuma yana tafe da nasa rahoton daban, don haka ba zan shiga gonarsa ba.

Ƙananan ayyukan da kuka ɗora mana mun yi su gwargwadon hali. An gyara famfon tuƙa-tuƙan da ke bayan ofishin malamai, an mayar da kwanon ajin da iskar farkon damina ta yaye, kafinta kuma ya farfaɗo da bencinan da suka daɗe a jibge a sito. Fentin masallaci bai samu ba, mun ɗaga shi zuwa baɗi. Abin da ya ci mana lokaci da takalmi a bana shi ne fashin makaranta, kuma a kansa zan daɗe.

A taron bara shugaban makaranta ya yi mana ƙorafin cewa yaranmu ba sa zama a aji. Da yawanmu mun ɗauka irin kukan da malamai suka saba ne. Aka kafa ƙaramin kwamiti, aka ba shi damar duba rajista da zagaya ajujuwa ba tare da sanarwa ba. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne rajistar ba ta nuna wata babbar ɓarna ba. Sunaye a cike suke da safe. Sai ka leƙa ajin nan bayan an dawo daga tara, ka tarar da bencin baya fayau, na tsakiya ma da giɓi.

Daga nan muka gane masu fashin iri-iri ne. Akwai wanda bai zo ba sam, shi rajista ta san da zamansa. Akwai wanda ke zuwa a kira suna, ya amsa da ƙarfi, ana kaɗa ƙararrawar tara ya haura katanga. Akwai kuma wanda yana cikin makaranta daga safe har tashi, amma a gindin darbejiyar bayan ajujuwa yake wuni, musamman idan lokacin lissafi ne. Na biyun nan su suka fi yawa, kuma mafi yawansu 'yan SS1 da SS2 ne.

Mun je mun ga wurin haurawar da idonmu. A bayan banɗaki ne, inda ba malamin da ke son tsayawa. An zare bulo biyu, an bar rami daidai tafin ƙafa, saman katangar har ya yi sulɓi saboda shafar hannu. A ɗaya gefen akwai wani kango. Nan yaro ke tuɓe rigar makaranta ya cusa a jaka, ya ciro ta gida ya sa, ya fita titi ba mai cewa ɗalibi ne. Idan lokacin tashi ya yi ya dawo kangon ya sake shiri, ya shiga gida da yunifom da jaka har da gajiya. Wata uwa da muka kira ta riƙe baki ta ce, "Malam, wallahi kullum da hannuna nake ba shi kuɗin mota da na tara, kuma a kan idona yake fita." Gaskiya ta faɗa. Mako uku ɗanta bai ga malamin da ke shiga bayan tara ba.

Sai batun hukunci, wanda a kansa muka fi samun saɓani, har a tsakaninmu 'yan kwamiti. Tsarin da muka tarar shi ne wanda mu ma muka taso a ciki. Ana gama asembili a ja ƙofa, wanda ya makara ya durƙusa, ya sha bulala ko tsallen kwaɗo, ya yi shara kafin ya shiga aji. Wanda fashinsa ya yi yawa a dakatar da shi mako biyu. Ranar da biyu daga cikinmu suka tsaya a tsallaken titi suna kallon ƙofar, sun ga abin da malamin ladabtarwa ba ya iya gani daga ciki. Yaro ya sauko daga adaidaita sahu da gudu, ya hango layin masu durƙuso da dorina tana tashi, sai ya rage sauri, ya yi kamar mai wucewa, ya miƙe abinsa. Wanda da zai rasa darasi ɗaya ya rasa wuni guda. Gobe kuma yana tsoron a tambaye shi inda ya je jiya, sai ya ƙara kwana.

Dakatarwar ta fi wannan ban takaici. Yaron da laifinsa ƙin zaman aji ne, aka ce hukuncinsa ya zauna a gida mako biyu, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Uba yana kasuwa, uwa tana fama da ƙannensa, shi kuwa ya samu takardar izinin yawo da hatimin makaranta a kai. Wasu daga cikin waɗanda aka dakatar a zangon farko ba su dawo a ranar da aka sa musu ba, sai da muka bi su gida.

Wasu dattawanmu sun tsaya kan cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma su da bulala suka zama mutane. Ba mu raina maganarsu ba. Ni dai a nawa ganin, kuma na faɗa a zaman kwamiti, ɗan shekara 17 da ya fara riƙe kuɗin kansa ba ɗanyen ice ba ne. Ka doke shi a gaban ƙannensa, abin da zai koya shi ne ya daina biyowa ta ƙofarka. A ƙarshe aka daidaita da hukumar makaranta kan abu uku: a daina tsare mai latti a bakin ƙofa, hukuncin latti da na fashi ya koma bayan tashi, dakatarwa kuma a bar ta ga manyan laifuka kamar shigo da makami ko kayan maye. Wanda aka kama da fashi yanzu yakan tsaya bayan kowa ya tafi, ya kwafe darasin da ya wuce shi a gaban fom masta, a sa hannu, sannan ya share ajin. Yaran da kansu sun ce wannan ya fi bulala ciwo, domin bulala minti biyu ce.

Abin da ya fi kowane hukunci tasiri shi ne kiran suna karo na biyu bayan tara, da sanar da gida a ranar. Ƙungiya ta ɗauki nauyin katin waya ga fom mastoci, kuma muna gode musu, don ba ƙaramin aiki aka ƙara musu ba. A nan ma sai da muka sha wayon yara. Lambobi da dama da ke cikin fayil na abokansu ne, ka kira "baba" ka ji muryar da ba ta gama buɗewa ba. Wani da aka ce ya zo da mahaifinsa, mai shayin bakin layi ya ɗauko ya gabatar a matsayin kawu, mutumin ya zo har da faɗa da zare ido. Da aka tambaye shi sunan mahaifiyar yaron sai ya fara tari. Tun daga lokacin muka sake karɓar lambobi daga bakin iyaye kai tsaye, kuma inda aka yi shakka mai unguwa ke tabbatar mana.

Abu ɗaya da muka gwada ya faɗi warwas, kuma laifinmu ne mu shugabanni, shi ne cin tarar kuɗi a kan iyayen mai fashi. Masu hali suka biya ba tare da sun tambayi ɗansu komai ba. Marasa hali suka daina ɗaga wayarmu, wasu ma suka daina zuwa taro. Kafin zango na biyu ya ƙare muka soke ta, aka mayar wa kowa kuɗinsa.

Da yake an yi ta tambaya a taro ko hukuma na da abin da za ta yi wa uban da ya yi sakaci, ga abin da doka ta ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare har ya kammala. Wanda kotu ta kama da saɓawa, karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Ku lura, wannan dokar a JSS3 ta tsaya. A nan Kano gwamnati ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole har da sakandare a 2019, sannan a watan Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk da haka mu ba mu kai kowa gaban alƙali ba, ba ma kuma fatan haka. Naira 2,000 ta shekarar 2004 ba ita ce ta yau ba, ba ta isa ta hana kowa barci ba.

Hukuncin da ke da haƙori na gaske ba a hannunmu yake ba, kuma shi ne iyaye suka fi jahilta. Gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida suna da nasu makin a sakamakon yaro, wanda bai zauna ba sifili yake samu, komai ƙoƙarinsa a jarrabawar ƙarshen zango. Makin nan ba a makaranta yake tsayawa ba, ana tura na babbar sakandare ga hukumomin WAEC da NECO. Ga kuma jarrabawar kwalifayin da 'yan SS2 ke rubutawa, wadda da ita ake tantance waɗanda gwamnatin jiha za ta biya wa kuɗin NECO. Yaron da ya yi shekara yana haura katanga, ranar da sakamakon kwalifayin ya fito uban ne zai shiga neman rance, ko yaron ya ajiye karatu yana dab da gamawa. Mun ga haka a bana, a gidajen da muka sani. Wasu kuma za su maimaita aji, kuma mun roƙi makaranta kada ta saurari magiyar kowa a kan wannan, har da ta 'yan kwamiti.

Ba duk mai fashi ne ɗan gidan kallon ƙwallo ba, wannan ma mun koya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya zama nauyi a gidaje da yawa, akwai yaran da ake ce musu yau a haƙura, gobe a gani. Akwai masu fita ba karyawa ba kuɗin tara, yunwa ce ke haurar da su. Akwai kuma masu zuwa shagon ubangida a Kantin Kwari, ko gyaran waya a Farm Centre, da sanin iyayensu. Wani uba ya ce mana ƙarara, abin da yaron ke kawowa da shi ake cefanen dare. Ba mu da bakin yi masa wa'azi. Mun dai je da shi wurin ubangidan yaron, aka yarda ya riƙa zuwa shago bayan tashi da ranakun hutu. Ba kowane ubangida ne ya amince ba. Ga yaran da kuɗin mota ne matsalarsu, ƙungiya ta taimaka wa kaɗan a asirce, wasu kuma an nema musu canji zuwa makarantar da ta fi kusa da gida. Masu gidajen kallo da na gem na unguwa kuwa mai unguwa ya tara su, suka yi alkawarin ba za su buɗe wa yara da safe ba. Wasu sun cika, wasu sun koma buɗe ƙofar baya.

Akwai maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma rahoton ba zai cika ba sai da ita. Malamanmu ku yi mana afuwa. Da muka jera ranakun da aka fi haurawa, sai muka ga sun yi daidai da ranakun da babu malami a aji bayan tara. Wani darasin ba shi da malami tun farkon shekara, wani kuwa malamin yana nan amma monita yake aika wa da littafi ya rubuta a allo. Wani ɗalibi da muka tsare da tambaya ya ce, "Baba, to in na zauna wa zan saurara?" Ba wanda ya ba shi amsa a cikinmu. Shugaban makaranta ya karɓi maganar da kyakkyawar fuska, ya buɗe littafin da malami ke sa hannu a cikin aji, ba a ofis ba. Mun kuma rubuta takardar neman ƙarin malaman lissafi da kimiyya, har yanzu muna jiran amsa. A halin da ake ciki, wasu tsofaffin ɗalibai biyu ne ke taimakawa, ƙungiya na ba su ɗan abin mota.

A zango na uku bencinan baya sun fara cika, duk wanda ya zagaya zai shaida. Ranar Juma'a ce har yanzu ta gagare mu, ana tashi tara rabin yaran sun ɗauka an tashi ke nan. Katangar kuma mun toshe ta sau biyu, sau biyu ana sake zare bulon.

Abubuwan da muke neman amincewarku a kansu a wannan taro su ne a ɗaga katangar bayan banɗaki a yi mata filasta mai santsi, a ci gaba da katin wayar fom mastoci, sannan a ware wani kaso na gudunmawa don kuɗin motar marayu. Muna kuma neman iyaye mata biyu su shigo kwamitin, domin a bana duk gidan da muka je muka ci nasara, da uwa aka yi maganar. Wanda ya canza lambar waya ya tsaya wurin mataimakin sakatare kafin ya fita, za a rubuta sabuwar da sunan yaro da ajinsa.

Wassalam.

Sakatare,
a madadin shugabannin ƙungiya