Zuwa ga ɗana da ke karatu a Maleshiya

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Hajiyarku ta kunna min saƙon muryar da ka turo mata. Na ji ka ce in ka gama digirinka na injiniya, muddin ba ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka, Harvard ko MIT ko Stanford, ce ta ɗauke ka ba, gara ka haƙura da digiri na biyu, wai abokanka 'yan Sin da Indiya sun ce sauran duk tarkace ne. Da maganar nan na kwana a raina.

Na san inda abokan naka suka samo ta. Shekara goma sha biyar ke nan ina zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya. Akwai wani mai masaƙa da muke hulɗa, ba ya bari mu taɓa maganar ciniki sai ya zuba min shayi a ɗan mitsitsin kofin nan nasu, sannan ya nuna min hoton 'yarsa a bango, ta sha rigar yaye ɗalibai a Amurka. Gida sukutum ya sayar ya biya mata. Sunan makarantar sai ya maimaita shi sau uku, amma abin da ta karanta sai da na tambaya. A wurinsu sunan nan mutuncin dangi ne gaba ɗaya, ana duba shi wajen neman aiki, har wajen neman aure.

Abin kuma ya samo asali. Tun 1854 Yung Wing ya gama Yale, shi ne ɗan Sin na farko da ya kammala jami'a a Amurka. Jami'ar Tsinghua ta Sin da suke ji da ita yau, an buɗe ta ne a 1911 don shirya yaran da za a tura can. A shekarar karatu ta 2023/24 ɗaliban Indiya a Amurka sun haura 330,000, na Sin kusan 277,000. A Koriya ta Kudu har suna suke da shi ga magidancin da ya tura mata da yara ƙetare karatu, ya zauna shi kaɗai yana aika kuɗi: uban dinya suke ce masa, don sai shekara ta zagayo yake tashi ya je ya gan su. Wannan kam yana ba ni tausayi ƙwarai.

Mai masaƙar nan ne ya koya min wasu kalmomi biyu. Wanda ya dawo daga karatun waje suna ce masa haigui, kunkurun teku. Da masu dawowa suka yi yawa, sai aka ƙirƙiro haidai, ciyawar teku, ga wanda ya dawo da takarda yana zaman jiran aiki. 'Yarsa ta yi wata takwas a wannan hali, ya faɗa min yana sunkuyar da kai.

Ban ce makarantun nan ba su da kyau ba. Suna da malamai da kuɗin bincike da babu kamarsu, kuma in Allah Ya buɗe maka ƙofa da tallafin karatu, ni zan fara raka ka filin jirgi. Amma ka tambayi abokanka 'yan Indiya inda Satya Nadella, shugaban Microsoft, ya yi digirinsa na biyu a kwamfuta. Jami'ar Wisconsin ta Milwaukee ce, bayan ya gama makarantar Manipal a gida Indiya.

Don haka ka fara da tambayar abin da kake son ƙwarewa a kai, sai ka binciki malamin da ke aiki a kansa, ko a Amurka yake, ko a Singafo, ko nan inda kake. Ka nemi manyan, ka haɗa da matsakaita huɗu ko biyar masu ba da tallafi. Gonar Bichi kuwa ba zan sayar ba, da haƙƙin ƙannenka a ciki, kuma ban yarda ka ci bashin ruwa ba. Kada kuma in sake jin ka raina makarantar da ke koyar da kai yanzu. Malamanta ne za su rubuta maka takardar shaida.

Ka turo min sunayen makarantun da kuɗin cike fom ɗin kowacce kafin ƙarshen wata. Hajiyarku ta ba ɗan Alhaji maƙwabcinmu kilishi da yaji ya taho maka da su. Ka riƙe sallah a kan lokaci. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Kano.