Amsa ga Ɗan'uwan da Ke Shakkar Labaran Mu'ujizai

Ɗan'uwa, barka da war haka.

A gaban jama'a ka tambaye ni: tun da an rubuta Linjila shekaru da yawa bayan Yesu, marubutan kuma suna saɓa wa juna, da wace hujja za a ɗauki labaran mu'ujizai a matsayin tarihi? Tambayarka tana kan hanya. Inda na ƙi bin ka shi ne kuɗin goron da ka yi musu. Ɗaya bayan ɗaya masanin tarihi yake auna su, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Maganar tazara gaskiyarka ce. An gicciye Yesu wajen shekara ta 30 ko 33. Yawancin masana sun sa Bisharar Markus kusa da shekara ta 70, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yahaya kuma a ƙarshen ƙarnin. Ke nan labaran sun yi kimanin shekara 40 a bakin mutane. Babu kuma isnadi irin wanda aka sani a hadisi. Markus bai ce wane ya faɗa mini daga wane ba. Wasiƙun Bulus na shekarun 50 sun riga su, amma tashin Yesu daga matattu ya sa a gaba, bai ba da labarin warkarwa ko ɗaya ba.

Kafin ka yi gardama a kan aya, duba ko tana cikin tsofaffin kwafe. Akwai rubuce-rubucen hannu na Helenanci fiye da 5,000, kuma manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, na Sinai da na Batikan, duk sun tsayar da Markus a 16:8. Ayoyi 9 zuwa 20, inda ake maganar ɗaukar macizai da shan dafi, daga baya aka ƙara. Haka mala'ikan da ke motsa ruwa a Yahaya 5:4. Wanda ya kafa hujja da waɗannan, ko don karewa ko don suka, ya ɓata lokacinsa.

Sai ƙirga shaidu, kuma nan masu wa'azi da yawa suke tuntuɓe. Za ka ji an ce labari ya zo a bishara uku, saboda haka shaidu uku ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke Markus yana cikin Matiyu, sau da yawa kalma da kalma, Luka ma daga Markus ya ɗebo. Ko a gaban alƙali, idan biyu daga cikin shaidu uku daga bakin na ɗaya suka ji, shaida ɗaya ce. Amma wannan kwafin yana da amfani, don yana nuna maka hannun marubucin. Buɗe Markus 5 da Matiyu 8 da 9 gefe da gefe. A Markus mai aljannu ɗaya ne a ƙasar Garasinawa, a Matiyu su biyu ne a ƙasar Gadarawa. Garasa, wato Jarash ta Jordan a yau, tana da nisan kimanin kilomita 50 daga Tekun Galili, doguwar tafiya ga aladu 2,000 da aka ce aljannun sun shige su suka rugungunta cikin ruwa. Gadara kuwa kilomita 10 ce ko kusa. A Markus Yayirus, wani shugaban majami'a, ya ce 'yarsa tana bakin mutuwa, a Matiyu ta riga ta rasu. Marubutan nan suna gajarta labari, suna gyara shi. Ban ga amfanin musun haka ba, kuma ƙoƙarin ɗinke su da cewa abin sau biyu ya faru ya fi saɓanin kansa wuyar haɗiya.

To me ya tsaya da ƙafarsa? Warkarwa da fitar da aljannu. Suna cikin Markus, suna cikin zantukan da Matiyu da Luka suka samo a wani wuri dabam, warkarwa kuma tana cikin Yahaya. Akwai ma waɗanda mai ƙirƙira ba zai so ya rubuta ba. Markus 6:5 ya ce a garinsu Yesu bai iya yin mu'ujiza ba, sai 'yan marasa lafiya kaɗan da ya warkar. Matiyu ya sassauta maganar. Makahon Betsaida a Markus 8 sai da aka taɓa shi sau biyu, da fari mutane yake gani kamar itatuwa suna tafiya, Matiyu da Luka duk sun tsallake labarin. Maƙiya kuma ba su ce ƙarya ba ne, cewa suka yi da ikon Ba'alzabul, sarkin aljannu, yake yi. Selsus, wanda ya soki Kiristanci wajen shekara ta 180, ya ce sihiri Yesu ya koyo a Masar. Shi ya sa masana da yawa, har waɗanda ba su yi imani ba, suka yarda cewa tun yana raye an san Yesu da warkarwa.

Wasu labaran ba su da wannan ƙarfi. Tafiyar Bitrus a kan ruwa Matiyu kaɗai ya kawo ta, alhali Markus da Yahaya sun ba da labarin daren da Yesu ya yi tafiya a kan ruwa ba ita. Tsarkakan da suka fito daga kaburbura a Matiyu 27:52-53 babu su a sauran bisharu ukun. Tashin Li'azaru daga matattu sai a Yahaya. Ciyar da mutum 5,000 tana cikin duka huɗun, wannan ƙarfi ne, sai dai tsarinta ya bi sawun 2 Sarakuna 4, inda Elisha ya ciyar da mutum 100 da gurasar sha'ir 20 har aka rage. Wani zai ce an gina labarin a kan tsohon, wani ya ce abin ya faru aka faɗe shi da harshen Nassi. Takardun ba su raba wannan gardamar ba.

Tonon ƙasa ma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. An tono tafkin Baitasda a Urushalima, inda Yahaya ya ce Yesu ya warkar da gurgu, an gano na Siluwam, inda ya ce makaho ya wanke ido, a 2004. Wannan ya nuna Yahaya ya san birnin. Bai nuna gurgu ya tashi ba.

Ka kuma riƙe ma'auni ɗaya ga kowa. Tasitus, marubucin tarihin Roma, ya rubuta cewa Sarkin Roma Basfasiyan ya warkar da makaho da yawu a Iskandariya, har ya ce waɗanda suka gani suna nan suna faɗa. Idan ka yi watsi da wannan ka karɓi na Markus, ko ka yi watsi da duka biyun, sai ka faɗi dalili, kuma dalilin zai fito ne daga abin da ka riga ka yarda da shi game da Allah. Kayan aikin tarihi suna iya kai ka ga cewa mutane sun zo da ciwo, sun tafi suna cewa sun warke, maƙiya ma ba su musa ba. Ko ikon Allah ne, wannan hukuncin tauhidi ne, kuma malamin da ya ce maka tarihi ya tabbatar ko ya rushe shi ya wuce gona da iri.

Ka huta lafiya.