Abin da ke fitar da ni tun kafin asuba

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka yi ƙorafin cewa duk sanda ka kira da safe ba ka samuna. Ka yi haƙuri, laifin tafki ne.

Sashenmu a jami'a ya ɗauki nauyin sa ido a kan wani tafki da rafin da ke zuba a cikinsa. Duk bayan mako biyu muna komawa wuraren da muka saba, mu auna abubuwan da muka auna a baya. Sammakon kuwa saboda iskar oksijin ne. Da rana tsirran ruwa suna sakinta, da dare kowa shaƙa yake yi, ba mai bayarwa, shi ya sa take yin ƙasa gab da fitowar rana. In ta gaza miligiram 2 a lita, sai ka ga kifi ya taso sama yana haki. Wanda ya zo da azahar zai rantse ruwan lafiyarsa ƙalau.

Daga nan sai mu zura wani farin faifai da igiya, mu rubuta zurfin da ya ɓace wa ido. Faifan Secchi ake ce masa, tun 1865 ake amfani da shi, kuma har yau bai yi ritaya ba. Ni dai abin da na fi so shi ne juya duwatsun rafi. Akwai 'ya'yan ƙwari da ba sa jure ƙazanta ko kaɗan. Ranar da ka ɗaga dutse ka tarar ba su, sai jajayen tsutsotsi kawai, to wata ƙazanta ta shigo daga saman rafin. Yanzu har tace ruwa muke yi, a gano kifayen da ke ciki daga ƙwayoyin halittar da suka zubar, ba tare da an jefa taru ba.

Na san za ka ce wahalar banza ce, kullum lambobi iri ɗaya. Ni ma na taɓa faɗin haka, har shugabar tawagarmu ta tuna mini da Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa, mai cin ƙananan kifaye, a cikinsa. Masu bincike daga Jami'ar Leiden ta Holan sun fara ƙidayar ƙananan kifayen wajen Mwanza, a gaɓar tafkin ta ɓangaren Tanzaniya, a 1977, kafin giwan ruwa ya mamaye ko'ina. Da littattafansu aka iya nuna cewa cikin nau'i sama da 500, kimanin 200 sun ɓace. Ba don su ba, da wa zai san abin da aka rasa?

Damuwata ɗaya ce: kuɗin bincike kan ƙare cikin 'yan shekaru, ɗalibi ya gama digiri ya tafi, littafin awo ya tsaya a tsakiya. Shi ya sa nake koya wa 'yan aji biyu riƙe na'urar awon ruwa tun yanzu, ko da yake jiya ɗaya ya kusa jefa ta a ruwa.

Ka riƙa kirana bayan la'asar. A gaida mutan gida.

Naka,
Sani