Wasiƙa zuwa ga ɗana da zai shiga kasuwanci

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mahaifiyarka ta gaya mini ka ƙudura tsayawa da ƙafarka ka kafa sana'arka. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Sai dai ta ce wai ba za ka motsa ba sai ka samo dabarar da ba wanda ya taɓa yi. A nan nake so in ja kunnenka.

Dabara ba ta zuwa wa wanda ya kulle kansa a ɗaki yana jiranta. Tana can inda mutane ke shan wahala har sun saba, sun daina kuka da ita. Dubi Malcom McLean, Ba'amurke mai manyan motocin dakon kaya. A zamaninsa buhu-buhu, ɗauri-ɗauri ake loda jirgin ruwa, jirgi ya yi kwana da kwanaki a tasha, kowa ya ɗauka haka abin yake. Shi ya ce me zai hana a zuba kayan cikin babban akwatin ƙarfe, a ɗaga shi a dunƙule daga mota zuwa jirgi? A 1956 jirginsa ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58. Akwati ba baƙon abu ba ne a duniya. Ɓata lokacin da kowa ya haƙura da shi ne ya dame shi.

Don haka ka zama mai lura. In mai saye ya ɗauki kayanka ya jujjuya, ya duba ƙasansa, ya ajiye ya wuce bai ce uffan ba, kada ka ji haushi. Tambaye shi cikin ladabi abin da ya hana shi, ka rubuta. Wanda ya kushe maka kaya ya fi mai yabon kunya amfani.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne son dabararka ya rufe maka ido. A 1975 Steven Sasson, injiniyan Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto na Amurka, ya haɗa kyamarar dijital, wadda ba ta buƙatar fim ɗin da ake sa wa kyamara. Kamfanin ya ci gaba da jingina da cinikin fim ɗin kyamara da yake samun riba a kai, a 2012 kuma ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Basira ba ta yi musu ƙaranci ba, sakin abin da suka saba ne ya yi musu nauyi.

Fara da kaɗan, da kuɗin da in sun salwanta za ka iya yin barci. In gwaji bai yi ba, ba abin kunya ba ne, nemo inda ya ɓaci ka gyara ka sake.

In za ka ba ni amsa, gaya mini wace wahalar mutane ka gano, da abin da suka faɗa maka da bakinsu. Mahaifiyarka na gaishe ka.

Mahaifinka