Wasiƙa zuwa ga Abba a kan rumfar tumatir da zafin bazara

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya aiki, yaya Abuja? Mu nan Zariya lafiya lau, sai dai zafi, wanda ka san halinsa. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara.

Na ji a bakin ƙanenka cewa kana shirin turo kuɗin manyan fankoki da janareta saboda rumfar ledar da ka kafa a gonarmu ta hanyar Shika. Ka dakata tukuna. A waya ba ka barina in kai aya, kullum ana jiranka a wani taro, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Na leƙa gonar ranar Talata bayan azahar. Da na ɗaga labulen ƙofa, wani hucin zafi ya buge ni a fuska har sai da na ja da baya. Labulen gefe duk a sake suke har ƙasa. Na tambayi yaron da ke kula da wurin, ya ce, "Baba, Oga ne ya ce kada a buɗe saboda ƙwari." Na sa yatsa a jikin ragar gefe, ya fito jawur da ƙurar hunturu, idanun ragar duk sun toshe. Ganyen tumatir ya naɗe, a gindin kowane layi kuma ga fure nan ya zube rawaya-rawaya. Wannan furen da ke ƙasa shi ne kwandunan da kake lissafin sayarwa bayan wata biyu.

Ka fara gane asalin abin. Mutanen ƙasashen sanyi irin su Holan sun gina wannan rumfa ne don su kama ɗumin rana su tsare shi. Hasken rana yana ratsa leda ya gasa ƙasa da ganye, iskar ciki ta ɗumama, ta rasa hanyar fita. A can alheri ne. A nan kuwa, daga Maris zuwa farkon Mayu, zafin waje kaɗai yakan kai digiri 37 ko 38, wani lokaci ya doshi 40, rufaffiyar rumfa kuma tana iya ɗora digiri 10 a kan haka. Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 28. Da zarar an wuce 32, garin furen ya fara lalacewa. A 35 zuwa sama sai furen ya yi ta kakkaɓewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Wanda ya samu ya ƙulla ma ba ya yin ja sosai, sai ka gan shi ruwan lemo, mai saye a kasuwar Sabon Gari ya taya shi da wulaƙanci. Daren bazara kuma ba ya hucewa, shuka ba ta samun hutu.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ba iska hanya, kuma wannan ba ya cin mai. Iska mai zafi sama take hawa. Idan babu ƙofa a ƙololuwar rufi, can za ta taru ta danno ƙasa. Rumfarka tana da tagar sama, amma ƙarama ce, kuma rabinta an ɗaure da waya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wuraren shigar iska da fitarta su kai aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasan rumfar, a ƙasar zafi irin tamu kuma gara su fi haka, tunda raga tana rage ƙarfin iska ƙwarai. A kira mai walda ya faɗaɗa tagar. A naɗe labulen gefe dare da rana har ruwa ya sauka. A wanke ragar da ruwa da burushi mai laushi. Masarar da yaron ya shuka dab da gefen gabas ita ma a cire ta, ta tare iska.

Na san abin da kake tsoro. Ba wanda ya ga abin da tsutsar nan ta Tuta absoluta ta yi wa tumatir a 2016, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, da zai yi wasa da ƙwari. Amma tsare ƙwaro aikin raga ne, ba na labule ba. Muddin ragar ba ta yage ba, kuma ana rufe ƙofa bayan an shiga, buɗe labule ba ya shigo da komai sai iska. Zafi da bushewa ma su ke kiran ɗan jan gizo-gizon nan da ke maƙalewa a bayan ganye yana tsotse shi. Na juya ganye na gan shi ya fara.

Bayan iska sai inuwa. A nan ne masu saida kaya za su so su yi maka wayo, su ba ka baƙar raga mai kauri wadda ke tare kashi 75 ko 80 cikin ɗari na haske. Waccan ta masu renon furanni ce. Tumatir da tattasai suna son wadda ke tare kashi 30 zuwa 50. In ka yi musu duhu za su yi tsawo zalau-zalau, ganye fal, 'ya'ya babu. Kuma a shimfiɗa ta a waje, sama da ledar, a bar tazara kamar kamu ɗaya ko biyu don iska ta ratsa. Ragar da aka rataya a ciki tana shan zafin ne bayan ya riga ya shigo ɗaki. In kuɗin raga ya yi maka nauyi, akwai farar ƙasa. A dama ta ruwa-ruwa, a fesa a bayan rufi. Kada ka raina ta don arha: manoman Almeriya a kudancin Sifaniya, waɗanda rumfunansu ke ciyar da Turai da tumatir, haka suke shafe rufinsu da fari duk lokacin zafi. Ruwan farko zai wanke ta, daidai lokacin da ba ka bukatarta.

Sai ruwa, kuma a nan Allah Ya ba mu sa'a. Iskar Zariya a Maris da farkon Afrilu busasshiya ce ƙayau, busasshiyar iska kuwa tana shan ruwa da sauri, duk ruwan da ta sha kuma da zafi yake tafiya. Randar da ke ƙofar ɗakin mahaifiyarka da wannan dabarar take sanyaya ruwa. Da ita ce Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Kai ma ka yi amfani da ita. A riƙa jiƙa hanyoyin da ke tsakanin layuka tun daga hantsi, a sake da azahar. A rataya buhunan algarara a gefen da iska ke shigowa, a bar tiyo yana ɗiga a kansu, amma kada a toshe gefen gaba ɗaya. In kana son kashe kuɗi, ka sayi ƙananan kawunan feshi masu fitar da ruwa kamar hazo, famfon solar da ke bohol zai iya tura su, tunda lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin da sola ta fi ƙarfi. Feshin na ɗan lokaci ne, a tsaya, a sake. Da la'asar a daina, ganye ya bushe kafin magariba.

Sai dai wannan dabarar tana da wa'adi. Da hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, iska ta yi nauyi da laima, feshi ba ya ƙara sanyi, cutar ganye kawai yake jawowa. Ranar da ka ji zufa ta daina bushewa a jikinka, a rufe feshi, a koma ga iska da inuwa. A lokacin ne kuma za a bi igiyoyi da ƙusoshi a ɗaure, don ka san iskar farkon damina a nan: rufin kwano ma tana yaye shi, balle leda.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne saiwa. Baƙin tankinka yana tsaye a rana tsirara, siraran bututun ban-ruwa su ma baƙaƙe ne. Na tara hannu a ruwan da ya fara fitowa, har ana iya wanka da shi a cikin hunturu. A yi wa tankin rumfar zana. A yi ban-ruwa da sassafe, a ƙara kaɗan da rana idan ƙasa ta nema, amma a bar ruwan farko mai zafi ya zube a waje. A rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa. Yau ƙishirwa gobe ambaliya shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya ruɓe, sai a yi ta sayen magani alhali ba cuta ba ce.

Ka sayi ma'aunin zafi mai nuna mafi tsanani da mafi ƙaranci na yini. A rataye shi daidai kan shuka, a tsakiyar rumfa, a yi masa 'yar inuwa. Yaron ya rubuta lambobin a littafi kullum ya turo maka hoto ta WhatsApp. In an yi duk wannan na mako biyu zafin bai sauko kusa da na waje ba, to sai mu yi zancen fanka, amma kafin nan ka shiga Samaru ka nemi shawarar mutanen IAR ko NAERLS, cibiyoyin binciken noma da wayar da kan manoma na Jami'ar Ahmadu Bello, sun fi mai shago sanin girman da ya dace da rumfarka. Fanka a rumfar da ba ta da mafita zafi kawai take juyawa, ga kuɗin mai yana cin ribar.

Shi kuma yaron nan, amana ne a hannunka. Kada ka bari ya yi aiki a ciki tsakanin sha biyu da la'asar. Ɗaurin shuka da yankan reshe da tsinka duk a yi su da sanyin safiya. Ka kira shi da bakinka ka janye maganar rufe labule, don ni ya ji nauyina ne kawai ya buɗe, na san ina juya baya zai sake.

Baɗi in Allah Ya kai mu, mu zauna mu tsara lokacin dashe yadda ƙarfin fure ba zai faɗo a tsakiyar Afrilu ba. Yanzu dai ka zo ƙarshen makon nan, zuwa da kai ya fi aike. Ka taho da ma'aunin, ni zan nemo mai walda da farar ƙasa. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Zariya.