Zuwa ga ɗana, game da Fijon da ka ajiye a tsakar gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga hotunan da ka turo ta wayar ƙanwarka, na kuma saurari saƙonka har ƙarshe. Ka sayi tsohuwar Peugeot 504, an jawo maka ita da igiya har cikin gida, kana so ka tashe ta da hannunka. Wallahi na ji daɗi. Yaron da ke ƙarar da Asabar ɗinsa da sifana a hannu ba shi da lokacin zaman banza a bakin titi. Sai dai da ka fara lissafo abin da za ka yi mata, na ji injin Toyota, na ji manyan ƙafafu masu ƙyalli, na ji baƙin gilashi da sabon fenti, amma ban ji birki ba, ban ji tsatsa ba. Shi ya sa na zauna na rubuto maka. Maganata guda ce: ka mayar da ita yadda take tukuna, ka tuƙa ta, ka san halinta, sannan ka yanke abin da za ka canza.

Ka san abin da ke hannunka. A 1968 aka fito da wannan mota a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka, inda ake tsere cikin laka da ƙura da duwatsu. A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, can Kaduna inda kake zaune, aka ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da barinta. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya a tasha, ita ce a-kori-kura mai dakon buhuna ranar kasuwa. Abin da ya sa ta jure hanyoyinmu sananne ne: cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna da laushi da nisan lotsawa, injinta kuwa bakanike na ƙauye yana iya kwance shi a gindin bishiya. To waɗannan su ne abubuwan da kake shirin cirewa, kuma su ne darajarta.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka duba takardu. Ka gwada lambar jiki da lambar inji da ke rubuce a takarda da waɗanda ke jikin ƙarfen, ka karɓi takardar ciniki da shaidu. Kada ka zuba dukiyarka a kan abin da wani zai zo gobe ya ce na gadonsu ne ba a raba ba.

Daga nan sai wanki da dubawa. Ka cire kujeru, ka ɗage shimfiɗar ƙasa gaba ɗaya, ka fitar da duk abin da ke cikin but. Ka ɗauki sukudireba ka riƙa caka ƙarfen a inda direba ke ajiye ƙafa, da dokin ƙofofi ta ƙasa, da gindin but, da kewayen gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin roba, da kuma wuraren da aka ɗaure ƙafafun mota da jiki. Ƙarfe mai lafiya zai yi maka ƙara, ruɓaɓɓe kuwa zai burme. Ka samo maganaɗisu ɗan ƙarami ka bi jikinta da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila an shafe da fenti. Idan motar ta yi rayuwarta a nan Arewa ka yi sa'a, don busasshiyar iskarmu tana raga wa ƙarfe, ba kamar ta bakin teku ba. Inda ya ruɓe kuwa, magani ɗaya ne, a yanke a sa sabon ƙarfe a yi walda. Kada wani mai gyaran jiki ya lallashe ka da cewa fila za ta rufe. Fenti a kan tsatsa kamar ɗaurin sabon zane ne a kan gyambo, damina ɗaya zai ɓullo.

Yanzu birki, kuma a nan nake so ka fi kasa kunne. Motar da ta yi shekaru a tsaye, ka ɗauka ba ta da birki ko da ka taka ka ji tauri. Man birki yana shan danshi daga iska, danshin yana cin ƙarfen daga ciki, robobin kuma suna bushewa su tsattsage. Ka canza bututan roba duka, ka kwance masta, wato famfon da ke tura man birki, ka sa sabbin robobi ko ka sayi sabuwa, ka bi bututan ƙarfe taƙi bayan taƙi, ka zubar da tsohon mai gaba ɗaya. Ka leƙa bayanta ka ga irin birkin da take da shi, don wasu 504 faifai ne a ƙafa huɗu, wasu kuma ganga ce a baya. In ka buɗe ganga kada ka hure ƙurar da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsofaffin takalman birki suna da sinadarin da ke lalata huhu. Tayoyin da na gani a hoto har yanzu suna da zane, amma zane ba shi ne lafiyar taya ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014. Irin wannan ko jakinka ba za ka ɗora mata ba, balle 'ya'yanka. Bayan haka sai sitiyari da shoka da robobin ƙafa. Mota ta iya tsayawa ta iya juyawa kafin a koya mata gudu.

Injin kuwa, kada ka yanke masa hukunci tun ba ka saurare shi ba. Kar ka sa batir ka murɗa makulli haka kawai. Ka cire filogi huɗun, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana, sannan ka juya injin da sifana a hankali. In ya juya, akwai rai. Ka zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, ka wanke kafireta, ka sa sabon baƙin mai da filta. Akwai wani abu game da injin Fijo da kanikawan yanzu da yawa ba su sani ba. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba haɗe suke da gangar injin ba, hannayen riga ne na ƙarfe da aka zura, ruwa yana kewaye su, suna zaune a kan wani siririn abin toshewa a ƙasa. Idan ka cire kan injin sannan ka juya shi ba ka danne su ba, sai su ɗaga, toshiyar ta lalace. Ka ɗaure komai ka tashi mota, bayan kwana biyu ka ja sandar gwajin mai ka ga ya koma fari-fari kamar kunu. Don haka da zarar kai ya fita, ka danne su da noti da faffadan wosha kafin komai. Kan injin kuma na alminiyam ne, ruwan rijiya da na burtsatse suna cin sa, sai ka riƙa sa ruwan lagireto na gaskiya. In wani ya ce ka cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ka yar don ƙasarmu da zafi, kada ka yarda; a wanke lagireto, a gyara fanka, zafin zai sauka.

Ka samu dattijon bakanike wanda ya yi zamanin Fijo, akwai su a Kaduna. Ka je da goronka ka gaishe shi, ka zauna ka kalli hannunsa. In za ka Panteka, ko ka shigo Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa, ka tafi da tsohon kayan a leda ka gwada da wanda za a ba ka. Duk abin da ka kwance ka ɗauki hotonsa tukuna, ka zuba notinansa a gwangwani ka rubuta suna.

Ban hana ka canji ba. Ni ma ina so ka canza wasu abubuwa, amma irin waɗanda za a iya mayarwa. Ka sa bel a kowace kujera, har ta baya. Ka sa mai rewaya ya sake wayoyin da suka bushe, ya sa fiyus na kirki, don tsohuwar waya ce ke ƙona irin waɗannan motoci. Kana iya sauya kontak da na'urar wuta ta zamani, tashin safe zai yi sauƙi. Waɗannan duka noti ne, in ka ga dama gobe ka kwance. Injin wata mota kuwa wani zance ne. A 504 sandar da ke kai ƙarfi baya tana tafiya ne cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giya da aksul, don haka sa baƙon inji yana jawo yanka da walda da ƙirƙire-ƙirƙire, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Sannan dole ka je a gyara takardu, kamar yadda za ka yi in ka canza launi. Ƙafafun ma haka: ramuka huɗun rim ɗinta tazararsu milimita 140 ce, yawancin rim na zamani ba sa shiga, sai ka ga ana huda sabbin ramuka ana tilasta su. Wannan kam na hana ka, ba shawara ba ce. Ka tuƙa ta wata shida a yadda masu ita suka ƙera ta. In bayan nan har yanzu ranka yana kan injin Toyota, ka zo mu zauna.

Tunda a gida kake aikin, ka tuna gidan ba naka ba ne kai kaɗai. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta tana kan jak kawai, ka tokare da ƙarafan tsayawa ko manyan katako a kan daɓe mai tauri, ba a kan bulo ba, bulo yana fashewa ba sallama. Ranar walda a cire batir, a fitar da tanki a kai shi nesa. Tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari saboda tururin da ke ciki. Kar ka bar inji yana aiki a rufaffen wuri. Fetur da man birki da ruwan lagireto kada su shiga robar lemo, ka san ƙaramin naka komai baki yake kaiwa. Baƙin mai kuma kada ka zuba a kwata ya bi ta ƙofar maƙwabta.

Sai maganar kuɗi. Aikin nan zai ci fiye da yadda ka lissafa, haka yake ga kowa. Ka ware masa abin da ya saura bayan cefane da kuɗin makaranta, kada ka ci bashi dominsa, kuma ka gaya wa mai ɗakinka gaskiyar abin da kake kashewa. Ita ta ba da filin shanyarta, ta cancanci ta sani. Watan da babu, ka lulluɓe motar ka yi aikin da ba ya cin kuɗi, kankare tsatsa da wanke noti ba sa ƙarewa.

Ka turo mini hoton ƙarƙashinta da na gindin but bayan ka ɗage shimfiɗa, da lambar da ke jikin injin, in gaya maka girman injin, ko mai cc 1796 ne ko mai cc 1971. Akwatin sifanuna yana nan a ɗakin zaure, zan ba direban da ke zuwa Kaduna ranar Juma'a ya kawo maka.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hannunka.

Wassalam,
Mahaifinka