A Daina Kira Wa Kowa Tsohon Jami'in Leƙen Asiri Ba Tare Da Bincike Ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya, kuma da ku 'yan jarida nake, da masu gidajen rediyo da masu tashoshin YouTube. Tunda matsalar tsaro ta yi ƙamari a arewa, kusan duk shirin da ka buɗe sai ka ji an gabatar da wani wai shi tsohon jami'in tsaro na farin kaya ne ko tsohon ɗan leƙen asiri, ya zauna ya yi ta zuba, ga wanda ke ɗaukar nauyin 'yan bindiga, ga abin da ake ƙullawa a Abuja, washegari an yanka bidiyon an watsa a Facebook da TikTok mutane suna ta turawa juna kamar wahayi. Tambayata ɗaya ce, wa ya tabbatar ya taɓa yin aikin?

Kada a ce wannan ƙananan gidajen jaridu kawai yake samu. A Amurka akwai wani Wayne Simmons, ya shafe sama da shekara goma yana fitowa a tashar Fox News a matsayin masanin ta'addanci, yana cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka wato CIA aikin sirri na shekara 27, daga 1973 zuwa 2000. Ba a talabijin abin ya tsaya ba fa, da wannan iƙirarin ya samu aiki da kamfanonin da ke yi wa sojojin Amurka kwangila, har aka tura shi Afghanistan a 2010 a matsayin mai ba da shawara kan bayanan sirri. A watan Oktoba na 2015 aka kama shi, a 2016 ya amsa laifin zamba, kotu a jihar Bajiniya ta ɗaure shi wata 33. Masu gabatar da ƙara suka nuna cewa a shekarun da yake cewa yana can yana farautar maƙiyan Amurka, yana gida yana 'yan sana'o'insa, har da tsaron ƙofar gidan rawa. Kuma abin lura, ba tashar ce ta gano shi ba, wani tsohon ma'aikacin CIA na gaske mai suna Kent Clizbe ne ya zauna da shi ya ji labaran nasa ba su yi kama da yadda ake aikin ba, shi ne ya shiga tuntuɓar tsofaffin abokan aiki yana tona maganar.

Na biyun ma ya fi ɗaure kai, Garrison Courtney, shi da gaske ya taɓa zama kakakin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka wato DEA, sai ya riƙa gaya wa kamfanoni cewa shi jami'in CIA ne na ɓoye, su sa shi cikin masu karɓar albashinsu don ya samu mafaka, gwamnati za ta mayar musu da kuɗinsu daga baya, har takardun alkawarin riƙe sirri na bogi yake sa su sa wa hannu don kada wani ya je ya tambayi wani. Sama da dala miliyan 4 ya wawure, a 2020 aka yanke masa shekara 7.

To me ya sa abin yake yi musu sauƙi haka? Saboda hukumomin nan ba sa magana. CIA tana da wata amsa da ta shahara da ita tun shekarun 1970, lokacin da 'yan jarida suka nemi bayani kan jirgin ruwan Glomar Explorer da aka yi amfani da shi a 1974 wajen ƙoƙarin ɗago wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet da ya nutse, ta ce ba za ta tabbatar ba kuma ba za ta musanta ba. Ai kuwa wannan shirun shi ne jarin ɗan sojan gona, in ka ce ina shaida sai ya ce haba malam, aikin sirri ake nuna wa takarda? in hukuma ta yi shiru ya ce ka gani ko, ba su ƙaryata ba. Shiru ba shaida ba ne, ko kaɗan.

Amma wahalar bincike ba ta nufin ba ya yiwuwa, kuma a nan gida ma ya fi sauƙi in an so. Na farko dai tarihin hukumomin a bayyane yake, a 1976 aka kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO bayan kisan Janar Murtala, a 1986 gwamnatin Babangida ta rushe ta ta raba aikin gida uku, SSS da muke kira DSS tana kula da cikin gida, NIA tana kula da ƙasashen waje, DIA kuma ta ɓangaren soja. Saboda haka wanda ya ce maka ya shiga DSS a 1980 sai ka dakata ka tambaye shi da kyau, wanda ya yi aikin da gaske da kansa zai ce maka ai lokacin NSO muke. Sannan ma'aikacin gwamnati ne fa ba aljani ba, yana da takardar ɗauka, yana da ta ritaya, yana karɓar fansho, yana da waɗanda suka yi horo tare, ya zauna a wasu jihohi mutane sun san shi. Ba wanda ya ce ya fallasa sirrin aiki, wannan doka ma ta hana shi, amma wace shekara ka shiga, a wane matsayi ka bar aiki, ba ni mutum biyu da kuka yi aiki tare in kira, duk wanda ya hau fushi kan waɗannan tambayoyin akwai lauje cikin naɗi. Katin aiki kuwa kada ya ruɗe ku, a shagon kwamfuta ma ana bugawa.

Ko an tabbatar ya yi aikin ma da sauran magana, domin direba da mai gadi da akawun ofis duk ma'aikatan hukumar ne kuma aikinsu abin girmamawa ne, amma ba shi ke nuna sun san abin da ke faruwa a dajin Zamfara yau ba, balle wanda ya yi ritaya shekara ashirin da suka wuce. Ni a ganina ma mai yawan cewa ina da bayanan sirri a gaban makirufo shi ya fi cancanta a yi shakkarsa.

Kuma illar ba a kan masu sauraro kawai take ba. Da zarar jarida ta liƙa wa mutum wannan laƙabin, shi ke nan ya samu lasisi, gobe zai nuna wa wani uba hotonsa a jaridar ya karɓi kuɗi wai zai samo wa ɗansa aiki a DSS, alhali hukumar da kanta ta sha fitar da sanarwa tana gargaɗi kan masu damfarar ɗaukar aiki da sunanta.

Roƙona Malam Edita, kafin ku buga tsohon jami'in kaza a gaban sunan kowa ku tura wakilinku ya bincika, ya rubuta wa ofishin hulɗa da jama'a na hukumar, ya nemi tsofaffin ma'aikata. In ba a samu tabbaci ba a rubuta ƙarara cewa shi ne ya ce ya yi aikin, ko kuma a kira shi mai sharhi kawai.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku daga Kano